Rabon Ranakun Mama

Mu huɗu Mama ta haifa, kuma uku daga cikinmu Allah ya hore mana baki. Ni ce babba, ina da shagon ɗinki a bakin titi. Mai bi mini ma'aikaciyar jinya ce, tun tana makaranta muke ce mata Nas. Sai Direba, mai jan babbar mota, wanda rabin rayuwarsa a kan hanya take. Na ƙarshe Auta, malamin lissafi a jami'a, shi ne shiru-shirun gidan. Ɗalibansa Dokta suke ce masa. Mu kuwa ko me zai zama Auta ne. Ni na goya shi, ni na yi masa tsarki, ba zan tsaya ina ce masa Dokta ba.

Da hawan jini ya taɓa wa Mama ƙafar hagu, likita ya sallame ta da sanda da magunguna da gargaɗi guda: kada a bar ta ta wuni ba wanda ya leƙa ta. Ba wata jinya ce mai nauyi ba. A zo a ga ta sha magani, a kama mata ta yi wanka, a ɗora tukunya, a zauna a yi hira, shi ke nan. Amma Mama ta ce ba inda za ta. Ɗakuna biyu ne a saman bene, inda Baba ya rasu ya bar ta, ƙarƙashinta shagon masu walda da ke ƙara tun safe har yamma. Na ce ta dawo gidana, ta ce ita ba ta zaman gidan suruki. Muka ɗauko mata mai aiki, ba a yi sati ba ta kore ta, wai ta wanke mata kofin shayi da soson tukunya.

To sai maganar wa zai riƙa zuwa yaushe, kuma a nan aka ji kanmu. Muka taru a falonta. Kowa na son Mama, wallahi ba zan yi wa kowa ƙazafi ba, sai dai kowa da ranar da ba ya so. Ni Asabar ce kasuwata. Nas aikinta juyawa yake, wannan satin safe, wancan dare. Direba ya ce shi ogansa bai san Litinin ko Talata ba, kwanan wata kawai ya sani. Murya ta fara tashi, aka fara tono tsofaffin maganganu, har da wanda bai zo asibiti ba lokacin ciwon Baba. Mama na zaune a kujerarta, sanda tsakanin gwiwoyi, tana kallon wannan tana kallon wancan.

Sai Auta, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya ajiye kofinsa.

"Ku bar sunayen ranaku, ku koma kwanan wata," in ji shi. "Yaya Babba, ke gidanki ya fi kusa. Duk kwanan watan da biyu ke raba shi ba saura, naki ne: biyu, huɗu, shida, haka har ƙarshe. Anti Nas, ke wanda uku ke rabawa. Yaya Direba, kai wanda biyar ke rabawa. Da haka Asabar za ta riƙa zagayawa, ba za ta maƙale wa mutum ɗaya ba. Ba sai an rubuta komai ba. Kowa ya duba wayarsa da safe, ya san ko ranarsa ce."

"Kuma zai isa?" in ji Nas.

"Har da ƙari. Yaya na da rabin wata, ke kashi ɗaya cikin uku, shi ɗaya cikin biyar. Ku haɗa ku gani. A kwana talatin, sau talatin da ɗaya za a hau benen nan. Idan aka ɗauki matsakaici, Mama na da fiye da mutum ɗaya kullum."

Ni tela ce. Na san rabi da kwata a jikin yadi, kuma na sha ganin yadin da ya isa a awo ya ƙi isa da aka sa almakashi. Na ce, "Tsaya, malam. Ranar bakwai fa? Biyu ba ta raba ta, uku ba ta raba ta, biyar ma haka."

Ya yi mini murmushin nan na malamin da ɗalibi ya burge shi. "Ragowar nawa ne. Ɗaya, bakwai, sha ɗaya, sha uku, duk wadda ba mai raba ta a cikinku. Su ne ma abokan aikina."

Mama ta buga sandarta a ƙasa don daɗi. "Kun ji ko? Tun ɗazu kuke cika mini kunne, yaro ya warware a numfashi ɗaya. Allah ya yi maka albarka, Auta."

Na yi tsaki a raina. Tun yana cikin zanen goyo Mama ke ɗaure masa gindi, ko kofi ya fasa sai ta ce kofin ne ya tsufa. Amma gaskiya tsarin ya yi mini, domin ba wanda zai sake ce mini ya manta. Muka watse kowa na dariya, Direba na ta tsokanar Auta wai shi ya gaji marayun ranaku.

Watan farko, mai kwana talatin ne, komai ya tafi sumul. Ranar shida, da sha biyu, da sha takwas mukan haɗu ni da Nas, tana auna jinin Mama ina yanka albasa, muna gulmar matar Direba. Ranar talatin mu uku duka muka haɗu, gida ya cika, Mama har da saka sabon ɗankwali. Na ce a raina ashe karatun yaron nan yana da rana.

A wata na biyu ne abin ya fara yi mini wari. Ranar takwas na zo na tarar da bokitin wanka a bushe ƙayau, ƙwayoyin jiya suna nan a ɗan faranti, shinkafar da na dafa shekaranjiya an ci ta da sanyinta daga cikin tukunya.

"Mama, Auta bai zo ba jiya?"

"Ya zo mana. Sauri yake yi."

"Maganin fa?"

"Ni na manta. Kai Tela, kin cika bin diddigi."

Tela take ce mini idan tana so ta rufe mini baki. Ranar sha biyu na sake ganin haka. Ranar sha huɗu ban ma hau ba sai da na tsaya wurin mai shagon walda, na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin ƙanena. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya yi ɗan tunani, ya ce shi dai tun farkon wata bai ga motar Dokta ba. Raina ya ɓaci. Na gama wa Mama komai ban ce mata ƙala ba, na sauko, na tari tasi zuwa jami'a.

Ban taɓa shiga ofishinsa ba sai ran nan. Ɗan ɗaki ne a ƙarshen wani dogon baranda, allo ya cinye bango guda, an cika shi da rubutu har kusurwa, an goge an sake rubutawa a kai. Takardu a tebur, takardu a kujera, takardu a ƙasa. Kofunan shayi sun yi layi a kan taga, har wani ya yi fumfuna. Fanka na juya kai tana ƙas-ƙas. Shi kuma yana tsaye gaban allon, alli ya yi masa fari a wando, gemu ba gyara, ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Da na ga ramarsa sai da zuciyata ta ɗan karye, amma ban bari ya gani ba.

Na wanke shi tas. Na ce masa mara kunya, mara tausayi, wanda ya tsara wa mutane aiki ya zame. Na ce uwar da ke yi masa ƙarya don ta rufa masa asiri ita ce yake bari tana cin shinkafa mai sanyi. Ya tsaya kansa a ƙasa har na gaji.

"Yaya, zauna," in ji shi, ya kwashe takardu daga kujera. "Ban kyauta ba, na sani. Amma bari in nuna miki abin da ya riƙe ni."

"Ba na son gani."

Ya nuna mini duk da haka, domin Auta idan ya fara ba ya jin kira. Ya ce kowace lamba da masu raba ta. Sha biyu na da shida: ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida, da ita kanta. Maƙwabciyarta sha uku kuwa biyu kacal. Ba mai iya cewa ga halin lamba ta gaba, wata danginta sun yi yawa, wata ba ta da kowa. Amma idan ka ɗauki lambobi miliyan, ka ƙirga masu raba kowacce, ka tara, ka raba daidai, sai ka ga abin ya kwanta lumui, har ka iya faɗin yadda zai tafi. Shi kuma abin da ya shekara da shekaru yana bi, wai idan ka tara lambobi a jaka ɗaya da sharaɗin kada wata ta raba wata, yaya matsakaicin zai kasance. Ya ce saura ƙiris ya kama shi, kuma akwai taron masana da za a yi kwanan nan, an ba shi lokaci ya yi bayani. Idanunsa har wani ƙyalli suke yi.

"To Allah ya ba da sa'a," na ce. "Mama fa? A wace jakar ka sa ta?"

"Mama ba ta cikin haɗari, Yaya. Da tana ciki da ban fasa zuwa ba ko sau ɗaya." Ya ɗauki alli, ya nemi ɗan fili a gefen allon. "Duba. Duk lambobi biyu da ke jere, dole ɗaya biyu ta raba ta. Wannan ba ya canzawa. Ke nan kowace rana tawa tana tsakanin ranakunki biyu. Kin zo jiya, za ki zo gobe. Ko ban zo ba, Mama ba za ta taɓa yin kwana biyu a jere ba wanda ya gan ta. Kuma ina kiranta a waya duk ranar da take tawa."

Na so in sami inda zan kama shi. Na ɗaga yatsu na fara ƙirgawa a gabansa. Bakwai, tsakanin shida da takwas. Sha ɗaya, tsakanin goma da sha biyu. Sha uku, sha bakwai, sha tara, ashirin da uku, ashirin da tara, duk haka. Ɗaya ga wata ma na tuna, na zo ranar talatin, na dawo ranar biyu. Ban sami komai ba. Haushi ya ƙara kama ni don ya fi ni gaskiya.

"Likita cewa ya yi kullum," na ce.

"Da na gama taron nan zan rama mata duka. Na yi miki alkawari. Don Allah kada ki gaya wa su Anti."

Na fita ban yi masa alkawari ba. Amma ban gaya musu ba. Na koma dafa abincin kwana biyu duk ranar da na san gobe tasa ce, ina jera ƙwayoyin gobe a faranti, ina cika mata butoci da ruwa. Aiki ya ninku a kaina. Ga shago, makarantu sun kusa komawa, an jibge mini ɗinkin yunifom har ba wurin taka ƙafa. Ga yarana, ga babansu da ya fara tambaya ko na koma gidanmu ne da zama. Ina hawa benen nan bayana na ciwo, ina saukowa raina na ciwo. Mama kuwa kullum labarin Auta, wai yaro na wahala, a riƙa yi masa addu'a.

Ranar talatin muka sake haɗuwa mu uku. Ina kicin ina juya miya sai na ji sallama, wai Auta ne, da 'yar jakar lemu a hannu, ya yi aski ya yi fes. Mama ta washe baki, ta jawo shi kusa da ita, tana shafa kansa tana cewa ya rame. Ban san lokacin da na fito da ludayi a hannu ba.

"Sannu da zuwa, Dokta. Yau kuma wace lamba ce ta raba ka da ofis? Ranakunka ba ka zuwa, sai ranar da ka san akwai abinci da 'yan kallo."

Nas ta ce me nake nufi. Na zazzage musu komai, tun daga busasshen bokiti har allon ofis. Direba ya miƙe zai ci kwalarsa. Nas ta fara kuka tana cewa ita ta roƙi abokan aiki musanya har ta zama abin kwatance a asibiti, ashe wani na can yana hutawa. Auta ya sunkuyar da kai. Sai Mama ta ɗaga murya, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ku rabu da shi! Ni na ce kada ya zo. Ni na ce ya yi karatunsa. Me na rasa? Ba ga Tela ba?"

Wannan kalmar ce ta ƙarasa ni. Ba ga Tela ba. Wato ni ce wadda ba ta da karatu, ba ta da aiki, ba ta da baya mai ciwo.

"To Mama, Tela ta gaji," na ce. "Wallahi ta gaji. Daga yau ranata kawai na sani. Ranar da ba tawa ba kada wanda ya neme ni, ko a waya. Kowa ya ji da tasa."

"Ni ma haka," in ji Nas tana share hanci.

Direba ya ce shi dama gobe da asuba zai ɗau hanya, sai biyar ga wata. Na kashe murhu, na ɗau mayafina. Da na waiga daga bakin ƙofa, Mama ba ta kallon kowa. Ƙasa take kallo, tana murza igiyar 'yar wayarta mai manyan madannai, wadda Nas ta rataya mata a wuya. Na ja ƙofar da ƙarfi na sauka.

Kwana biyun da suka biyo baya ban ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Riga, wando, siket, bajen makaranta, maɓalli. Iyaye na tsaye a kaina kowa na cewa nasa ne na gaggawa. Idan Mama ta faɗo mini a rai sai in ce ai na kunyata Auta a gaban kowa, yanzu dole ya je. A kwana na biyun da safe na duba waya na ga ɗaya ga wata, na ce ba tawa ba ce, na ci gaba da taka keke. Fushin ma bai gama sauka ba, ina ɗinki ina maimaita maganganun da na so in ƙara.

Ranar biyu da safe na biya shago in ɗauki kular abinci da na manta. Idona ya faɗa kan kalandar bango, na ga har yanzu tsohon wata ne. Na kama shafin zan yage. A can ƙasa, ita kaɗai a layinta, ga talatin da ɗaya. Na ɗaga shafin, a saman sabon ga ɗaya. Na tsaya da takarda a hannu ina kallon wannan ina kallon waccan. Biyu ba ta raba talatin da ɗaya. Uku ba ta raba ta, biyar ba ta raba ta. Ɗaya ma haka. Ga su a jere, ba ni a tsakani.

Na kira Auta. Ya ɗauka, ina jin hayaniyar tasha a bayansa, muryarsa cike da murna.

"Yaya! Yanzu nake shirin tahowa. An karɓa, Yaya, sun tafa mini, har wani dattijo ya..."

"Kana ina?"

"Wurin taron mana. Shekaranjiya da safe na taho. Na gaya wa Mama bayan fitarki."

"Wa ya je wurinta jiya?"

"Jiya ai ke ce."

"Jiya ɗaya ga wata ne, Auta."

"A'a, shekaranjiya talatin da ɗaya, tawa. Ke nan jiya talatin da..."

Bai ƙarasa ba. Na ji numfashinsa, na ji kwandasta na kiran fasinja. Na kashe.

Na kira Mama, ina cewa Allah ka sa tana barci, Allah ka sa ta yi mini faɗa. Bugu biyu ta ɗauka.

"Tela? Kin taho?"

Muryar ba tata ba ce. Ta bushe, ta ƙanƙance, kamar daga ƙarƙashin gado take fitowa.

"Mama lafiya?"

"Ki taho da mabuɗinki. Ba zan iya buɗe miki ba."

Ban rufe shago ba. Ban san yadda na tsallaka titi ba, ban san me na ce wa mai tasi ba. Masu walda na ta aikinsu, ƙarfe na kuka, tartsatsi na tashi. Na hau benen da gudu, takalmi ɗaya ya fita na bar shi. Na zura mabuɗi na buɗe.

Warin ne ya fara tarbata: miyar da na bari a kan murhu ta lalace, da wani warin da ba sai na faɗa ba. Tana kwance a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakinta da banɗaki. Bokiti a kife a gefenta, ruwan da ya zube ya daɗe da bushewa. Sandar ta yi nisa, ta shige ƙarƙashin tebur. Ƙafarta ta hagu ta juya waje ta gajarce, yadda ƙafar mutum ba ta yi. Ta jawo tawul ta rufe cinyoyinta. Leɓenta ya tsattsage, idanu sun faɗa. Butocin da na cika mata suna can a kicin, ba ta kai gare su ba. Wayar tana kan ƙirjinta, ta damƙe ta da hannu biyu.

Na durƙusa, na kira sunan Allah, na fashe da kuka.

"Rufe ƙofar," in ji ta. "Ki canza mini zane kafin ki kira mutane. Kada su gan ni haka."

Na canza mata, tana cije leɓe ba ta yi ko ƙara ba. Na ɗiga mata ruwa a cokali. Sannan na leƙa ta taga na ƙwala wa masu walda kira. Su suka sauko da ita a kan wani faffaɗan katako, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da tire cike da ƙwai. Mai shagon na ta cewa wallahi ba su ji komai ba, wallahi da sun ji da sun ɓalle ƙofar. Na ce masa na sani.

A asibiti Nas ta tarbe mu da fararen kayanta. Da ta ga fuskar Mama sai ta dafa bango. Aka shige da ita, aka bar ni a baranda da takalmi ɗaya. Can likita ya fito, wani mai furfura da ba ya kwana-kwana. Ya ce ƙashin ƙugu ya karye. Ya ce wannan da sauƙi da an kawo ta a ranar, amma daɗewa a ƙasa ba ruwa ya taɓa mata ƙoda, sai sun ga yadda za ta farfaɗo kafin su yi maganar aiki. Ya ce ko an yi aikin, kada mu sa rai za ta sake hawa bene da ƙafarta. Sannan ya dube mu, ni da Nas, ya tambaya ita kaɗai take zaune ne, ba ta da 'ya'ya a gari?

Da la'asar Auta ya iso, da kwat ɗinsa ta taro, katin sunansa na rataye a wuya bai ma cire ba. Tun safe nake tanadin abin da zan gaya masa. Na tanadi mari ma. Da ya tsaya a gabana sai na ga leɓensa na rawa kamar lokacin da yake yaro idan ya yi fitsarin kwance.

"Yaya, na duba shi ta ko'ina," in ji shi. "A kaina lambobi ba sa komawa ɗaya. Tafiya suke yi kawai."

Ban mare shi ba. Ni ma ai da yatsuna na ƙirga a ofishinsa, na tashi na tafi.

"Yaushe ta faɗi?" ya tambaya.

"Shekaranjiya da safe. Za ta shiga wanka."

Ya dube ni kamar bai gane Hausa ba. "A'a. Na kira ta shekaranjiya da yamma. Jiya ma na kira, kafin in shiga. Ta ce lafiya lau take, ta ci abinci. Ta yi mini addu'a, Yaya. Ta daɗe tana yi mini addu'a."

Ya zame a jikin bango ya zauna a ƙasa, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Mutane na wucewa suna kallonsa. Na bar shi a nan, domin a lokacin ba ni da tausayin da zan ba kowa.

Kafin magariba suka bar ni na shiga. An sa mata ƙarin ruwa, an goge mata fuska, ta ɗan dawo kamanninta. Na ja kujera na zauna, na kama hannunta. Ban yi niyyar tambaya ba, Nas ta ce kada a dame ta. Amma abin na cin raina tun da na ji ta ɗauki waya bugu biyu.

"Mama, waya na hannunki. Me ya sa ba ki kira ni ba?"

Ta ɗan juyo da kai. Ba fushi a fuskarta, ba gori. Da akwai da ya fi mini sauƙi.

"Na yi niyya," in ji ta. "Har na danna, sunanki ya fito. Sai na duba kwanan wata. Auta yana gaban manyan mutane, ba zan ɓata masa ba. Direba na hanya. Nas ba ranarta ba ce. Ke kuma kin gaji, Tela, ni na ga kin gaji." Ta haɗiye yawu da ƙyar. "Da gari ya waye na sake dubawa, na ga ita ma ba ta kowa ba ce. Sai na ce bari in jira biyu ga wata, ai ba nisa."

Na kifa fuskata a kan hannunta. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na rasa bakin da Allah ya ba ni. Ina so in ce mata ƙarya nake yi, ban gaji ba, ta kira ni ko tsakiyar me nake, amma kuka ya hana. Ita ce ma ta zare hannun ta dafa kaina, tana bubbugawa a hankali.

Can ta ce, "Gobe uku ko?"

Na gyaɗa kai.

"To ki je gida ki huta. Ranar Nas ce."